Hular kwano mai rufe haɓa: abin da na gani a titin Gwarzo

Ni malamin makaranta ne, amma in aka ƙirga awannin da nake yi a kan babur a sati, wani ɗan acaɓan ma sai ya sara mini. Gidana yana wajen Rijiyar Zaki, makarantar kuwa tana wani ƙauye gaba da Rimin Gado. Da motar haya nake zuwa, har ranar 29 ga Mayun 2023 da aka ce tallafin mai ya tafi. Kafin wata biyu kuɗin mota ya fara haɗiye albashin, sai na shiga adashi na fito da Boxer. Labarin babur ɗin sai wata rana. Hular ce aka fi tare ni ana tambaya a kanta, a gidan mai, a wajen mai faci, har a ƙofar masallaci: Malam, nawa ka saya, kuma ba ta dafa maka kai?

Tana dafawa. Zan zo kan wannan.

Da na sayi babur, mai shagon ya ɗora mini wata hula a matsayin gyara. Baƙa ce mai sheƙi, ba nauyi ko kaɗan, a ciki akwai ɗan soso siriri kamar na wanke-wanke. Wata huɗu ina yawo da ita ina ganin na cika doka. Ran nan na ajiye ta a kan kujerar babur ina buɗe ƙofar gida, ta zame ta faɗi a kan siminti, sai ji na yi ƙwas! Ta tsage daga goshi har tsakiyar kai. Faɗuwar da ba ta kai tsayin ƙugu ba, kuma babu kan mutum a ciki. Uwargida ta ɗauka ta jujjuya ta ce, "Malam, ai gara ƙwaryar furata, ita ko ta fashe akwai mai ɗinki."

Maganarta ta tuna mini da shekarar 2009, lokacin da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta tilasta sa hular kwano daga ranar 1 ga Janairu. Waɗanda suka ga Kano a lokacin ba su manta ba. Wani ya kifa ƙwarya ya ɗaura mata igiya, wani hular leburorin gini, wani robar fenti, har kafafen labarai na waje suka yi ta yayata mu. Fasinjoji kuma suka ƙi sa ta ɗan acaɓa, wasu don tsoron makero da ƙwarƙwata, wasu don raɗe-raɗin ana yin asiri da ita. Tun daga can aka ɓata mana fahimta, muka ɗauki hular a matsayin abin da ake nuna wa jami'i a bakin shinge. Shi ya sa har yau za ka ga mutum ya rataye ta a madubi, sai ya hango masu kaki ya kifa a ka ba tare da ya ɗaure ba.

A watan Nuwamba na shiga Sabon Gari da niyyar sayen ta gaske. Shago uku na leƙa kafin na samu. Abin da na koya, wanda da na san shi tun farko da ban yi wata huɗu da kwanon roba ba, shi ne hula hawa uku ce. Akwai ɓawon waje mai tauri, akwai yadi da soso mai laushi da ke taɓa fata, a tsakaninsu kuma akwai wani farin abu mai kauri, dangin wanda ake tokare sabon firji da shi a cikin kwali, sai dai ya fi wancan tauri. Wannan na tsakiyar shi ne hular. In kai ya bugu, shi ne yake murƙushewa ya shanye ƙarfin bugun kafin ya isa ƙwaƙwalwa. Ɗaga yadin ciki ka danna da babban yatsa. In yatsanka ya taɓo ɓawon waje kai tsaye, ajiye musu kayansu.

Sai tambari. Kusan kowace hula a kasuwa an manna mata DOT a ƙeya, wato ma'aunin Amurka, amma wannan sitika ce da kowa zai iya bugawa. Wadda na ɗauka tana da ma'aunin Turai, ECE. Shi a jikin maɗaurin haɓa ake ɗinka shi: ɗan farin ƙyalle mai harafin E da lambar ƙasa a cikin da'ira, sai doguwar lamba da ke farawa da 05 ko 06. Ta 06 ce sabon ma'auni, tawa 05 ce. Akwai kuma harafi a cikin lambar: P na nufin an gwada ɓangaren haɓar yana kariya, J na nufin hula ce mai buɗaɗɗiyar fuska. Na san shi ma ƙyallen ana iya ƙirƙirarsa, amma in ka haɗa shi da kaurin farin abin da nauyin hular a hannu, da wuya a yi maka sakiyar da ba ruwa. Tawa na ɗora ta a sikelin mai shinkafa a unguwa, ta kusa kilo ɗaya da rabi.

Wajen girma muka ɗan ja da mai shagon. Na je da tef ɗin tela na auna kaina ta saman gira, santimita 58, wato M. Da na sa ta matse mini kumatu har ina jin kamar zan ciji harshe. Ya ce, "Malam, ɗauki babbar mana, iska ta riƙa shiga." Na sa babbar, na girgiza kai, kai ya juya hula ta tsaya a inda take. Na koma kan ƙaramar. Bayan sati biyu soson ya kwanta, ta zauna daram. Kuɗinta ya kai na man da nake sha a sati uku, kuma na ji zafin fitarsa.

Da hunturu na fara amfani da ita, kuma a nan ta saye ni. Wanda ya taɓa barin gida ƙarfe shida da rabi na safe a watan Disamba, ya wuce sabuwar jami'ar Bayero ya fita fili, ya san yadda iska take yanka kunne. A da sai na naɗe fuska da rawani, ido yana hawaye, leɓe ya tsage, in isa aji da murya kamar ta wanda ya kwana yana kiran kasuwa. Da na rufe gilashi duk wannan ya wuce. Tifar yashi ta wuce ni tana watso tsakuwa, sai dai in ji ƙas-ƙas a gilashi. Ƙwarin magariba da ke faɗa wa mutum a ido su ma na huta da su. Murar da nake yi duk shekara ba ta zo da ƙarfinta ba.

Bazara kuwa ta gwada mu. Azumin 2024 ya faɗo a Maris da Afrilu, zafi yana kai maki 40, ga dawowa ƙarfe biyu na rana. Tana da ƙofofin iska a goshi da haɓa, kuma in ana tafiya suna aiki daidai gwargwado. Amma ka shigo gari ka tsaya a cunkoson Kabuga tsakanin 'yan adaidaita sahu, minti biyu ya isa ka ji gumi yana gangarowa ta bayan kunne. Kuskurena ne da na ɗauki baƙa. Sau biyu na cire ta na ɗaure a baya don na kasa jurewa, ba zan ɓoye ba. Abin da ya taimaka shi ne soson cikinta yana ɓallewa, duk Asabar nake wanke shi da sabulu in shanya a inuwa. Wanda bai yi haka ba, kafin wata guda shi da kansa zai guji hularsa.

Gilashin shi ne rauninta. Ƙurarmu yashi ce, in ka goge ta a bushe da hannun riga ka karce shi ke nan. Ban sani ba sai da na yi ɓarna. Yanzu jiƙaƙƙen ƙyalle nake shimfiɗawa a kai ya ɗan jima, sannan in share a hankali. Karcen da rana ba ya damu, amma da dare fitilar motar da ke tahowa sai ta tarwatse a idonka kamar an fasa ƙwai. Da damina kuma numfashi yana sa shi hazo ta ciki. Ɗigon sabulun ruwa da aka shafa aka goge yana rage abin na kwana biyu, ko ka bar gilashin a ɗan ɗage faɗin yatsa. Masu son baƙin gilashi don gayu su tanadi fari saboda dare.

Akwai kuma matsalolin da wanda ya ƙera ta bai san da su ba. Ina zan sa hulata? Zanna bukar biyu na lalata wa kari a aljihu kafin na samo wata 'yar roba mai murfi nake ɗaurewa a kariya. Sai gaisuwa. Sautin hon ina jinsa sarai, amma sallamar mutum daga gefen titi ba ta shigowa. Wani dattijo da ke zama a bakin hanyar shiga ƙauyen ya kai ƙarata wajen shugaban makaranta, wai tunda na sayi "hular 'yan sama jannati" na daina amsa gaisuwa. Na je har gida na durƙusa na ce, "Baba, a gafarce ni, wallahi ba na ji ne." Ya ce, "To ɗana, ka riƙa ɗaga hannu." Yanzu duk wanda na hanga zaune a bakin hanya hannu nake ɗaga masa, ko ya yi magana ko bai yi ba.

A shingen jami'an tsaro ina ɗage gilashi tun daga nesa. Garin da ya ga abin da ya gani a 2012, lokacin da sai ka sauka ka tura babur kafin ka wuce shinge, garin da aka hana ɗaukar fasinja a babur a Janairun 2013 bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero, ba za ka zarge shi ba in ya ƙura wa rufaffiyar fuska ido.

A ƙarshen Satumba abin ya faru. An yi ruwa da dare, ya kwaso yashi ya shimfiɗa a wata kwana. Gudun da nake yi bai wuce kilomita 50 a awa ba. Akuya ta fito daga cikin gero, 'ya'yanta biyu a baya. Na damƙe birkin gaba, wanda shi ne abin da bai kamata in yi a kan yashi ba, tayar ta zame, sai ga ni a ƙasa ta gefen hagu. Abin da na fi tunawa shi ne ƙarar: ƙurrr, kamar ana jan bokiti a kan siminti, kuma a daidai bakina take. Na ga kwalta tana wucewa ta cikin gilashi, tazarar yatsa uku da idona. Da na tsaya na yi salati, na motsa yatsu, na tashi zaune. Wasu manoma suka rugo suna "Sannu Malam, sannu!" Gwiwa ta saluɓe, tafin hannu ya ɗaye don ba ni da safar hannu, kafaɗa ta yi sati uku tana ciwo. Da na cire hular na duba, fentin haɓar ya tafi, robar ta cinye kamar an goga ta a dutsen niƙa, maƙalin gilashin hagu ya karye. A fuskata ko ƙwarzane babu. Da mai buɗaɗɗiyar fuska na saya, wadda na so ɗauka saboda zafi, wannan gugar a haɓata da haƙorana za ta ƙare. Maɗaurin ma ya yi aikinsa, bai saki ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hula mai inganci da aka sa daidai tana rage haɗarin raunin ƙwaƙwalwa da abin da ya kai kashi 74 cikin ɗari. Ni dai abin da na gani shi ne na wannan kwanar. Ƙafa in ta karye akwai mai ɗori, akwai Asibitin Ƙashi na Dala, ban taɓa jin mai ɗorin kai ba. Wani abokin aikina ya ce ai kwana ne bai ƙare ba. Na ce haka ne, shi ma wanda aka ce ya ɗaure raƙuminsa sannan ya yi tawakkali ya san da ƙaddara.

Abin da ya fi mini ciwo ya zo daga baya. Farin abin nan sau ɗaya yake aiki. In ya murƙushe ba ya dawowa, ko da daga waje hular tana kama da lafiyayya. Na ɗaga yadin na ga inda ya lotsa a gefen hagu. Saboda haka ne ba na ba da shawarar sayen ta gwanjo, komai kyan sunan da ke jikinta, don ba ka san kan wa ta riga ta tsare ba. Na koma shagon na tarar kuɗin ya ƙaru sosai a cikin wata goma. Na yi tsaki, na yi ciniki, na sayi irinta sak, amma fara, na haɗa da safar hannu. Na tambayi gilashin canji ya ce babu, sai an kawo kaya daga Legas. Sau uku ina komawa ba a kawo ba, kuma wannan ne babban ƙorafina: gilashi ba ya shekara a ƙurarmu, bai kamata a sayar da hula ba tare da na canjinsa a kusa ba.

Tsohuwar kuwa ɗan yayata ya gani a rataye ya ce, "Kawu, ka ba ni mana, ai fenti kawai take so." Na ɗauko almakashi na yanke maɗaurin a gabansa. Ya yi kwana biyu yana fushi da ni. Yanzu tana kan taga a ɗakin malamai, kuma 'yan aji shida sun fi zuwa kallonta fiye da taswirar da ke bango.