Gargaɗin Disney+ a kan tsofaffin katun: gajere ne, kuma yanzu sai an nema

Wanda ya biya kuɗin Disney+, manhajar kallon fina-finai ta kamfanin Disney, domin yaransa su kalli tsofaffin katun zai sami abin da ya biya. Hoton tsaf, sautin garau, fina-finan da aka yi shekara tamanin da suka wuce an gyara su sun fito fes. Inda manhajar ta gaza shi ne wajen gaya wa uba ko uwa abin da ke cikin wasu daga cikin waɗannan fina-finai na raini ga baƙar fata, da 'yan Asiya, da Larabawa, da 'yan asalin Amurka waɗanda Turawa suka tarar a can. Gargaɗin yana nan, amma bai faɗi wane waje ba, bai faɗi wa aka ci wa fuska ba, kuma tun 2025 ya bar gaban allo.

Salo uku kamfanin ya yi wa gargaɗin. Da aka buɗe manhajar a Nuwamba 2019, layi ɗaya ne a ƙarshen bayanin fim, yana cewa an kawo shirin kamar yadda aka yi shi tun asali, kuma mai yiwuwa ya ƙunshi siffanta al'adu irin ta da. A Oktoba 2020, bayan zanga-zangar da ta biyo bayan kisan George Floyd, aka ƙara masa nauyi: rubutu ne da ke tsayawa a allo na daƙiƙa 12 kafin fim ya fara, ba a iya tsallake shi, yana cewa wannan kuɗin goro da aka yi wa mutane kuskure ne a wancan lokaci, kuskure ne kuma a yau. Yana kuma nuna wa mai kallo wani shafin intanet na kamfanin mai suna Stories Matter, inda aka yi bayanin wasu fina-finan ɗaya bayan ɗaya. A Fabrairu 2025 aka janye wannan, aka koma gajeren layi a sashen bayani: an kawo shirin kamar yadda aka yi shi, mai yiwuwa ya ƙunshi kuɗin goro ko mummunar siffantawa.

Na tsakiyar ne ya fi, ko da yake shi ma rubutu iri ɗaya ne a kan kowane fim. Na yanzu kuwa koma baya ne, domin yaron da ya danna hoton Dumbo, giwa mai manyan kunnuwa, ba zai shiga sashen bayani ba, babban da ke zaune kusa da shi ma da wuya ya shiga. Sannan kalmar “mai yiwuwa” ba ta dace ba. Kamfanin ya san abin da ke cikin fim ɗinsa.

Ga abin da gargaɗin bai faɗa ba. A Dumbo, na 1941, mai tsawon minti 64, wurare biyu ne. Na farko yana kusa da farkon fim, inda leburori baƙaƙe marasa fuska suke kafa tanti cikin ruwan sama suna waƙar cewa ba su iya karatu da rubutu ba, kuma da sun karɓi lada sai su ɓarnatar. Mutane da yawa suna wuce wannan ba su lura ba saboda duhun wurin. Na biyu yana can wajen ƙarshe, hankakin da ke koya wa Dumbo tashi. Maganarsu da rawarsu an kwaikwayo su ne daga wasannin da Turawan Amurka ke shafa baƙi a fuska suna kwaikwayon baƙar fata don a yi dariya. Shugabansu a rubutun fim ɗin sunansa Jim Crow, sunan da ake kiran dokokin wariyar launin fata na jihohin kudancin ƙasar Amurka da shi, waɗanda ba su faɗi ba sai a shekarun 1960, kuma Bature ne, Cliff Edwards, ya yi muryarsa. Abin da ke sa wannan waje wuyar bayani ga yaro shi ne hankakin su ne masu kirki a labarin, su suka tausaya wa Dumbo. Layi ɗaya ba zai warware wannan ba.

Peter Pan, na 1953, ya fi fito da abin a fili. 'Yan asalin Amurka an zana su jajaye wur, suna magana a karye, ana kiransu da sunan da suke ɗauka zagi ne, ga waƙa guda sukutum a kan dalilin jan fatarsu, yaran Turawa kuma suna sa hular gashin tsuntsu suna ihu. A Lady and the Tramp, na 1955, kyanwoyi biyu ne masu tsukakkun idanu da haƙora a waje, mayaudara, suna waƙa da lafazin da ake tsokanar 'yan Asiya da shi. The Aristocats, na 1970, ya maimaita wannan da wata kyanwa mai kaɗa fiyano da tsinkayen cin abinci. The Jungle Book, na 1967, shi ne wanda ake jayayya a kansa: sarkin birai mai waƙar jaz yana roƙon ya zama kamar mutum, wasu na ganin baƙar fata ake nufi, wasu na cewa mawaƙin da ya yi muryar, Louis Prima, ɗan asalin Italiya ne. Gargaɗin da ya san aikinsa zai kawo duka biyun.

Akwai kuma matsala a cikin jimlar “kamar yadda aka yi shi tun asali”, don ba kowane fim ta dace da shi ba. A Fantasia, na 1940, akwai wata baƙar yarinya rabi mutum rabi doki da ke goge wa farare kofato. An yanke ta tun fitowar 1969, kuma wanda ake kallo yau babu ita. A Aladdin, na 1992, waƙar buɗe fim ta siffanta ƙasar Larabawa da inda ake yanke wa mutum kunne in ba a son fuskarsa. Ƙungiyar Larabawan Amurka mai yaƙi da wariya ta yi ƙorafi, aka sauya baitin a 1993, amma aka bar wanda ke kiran wurin na dabbanci. Song of the South, na 1946, wanda ake suka a kan yadda ya siffanta baƙar fata, ba ya cikin manhajar gaba ɗaya. Ke nan hanyoyi uku kamfanin ke bi, ya bari, ya yanke, ko ya ɓoye, mai kallo kuma ba a gaya masa wadda aka bi da fim ɗin da ke gabansa.

Barin fina-finan a buɗe daidai ne a ganina. Yankewa tana share shaidar abin da aka yi. Amma an taɓa yin abin da ya fi wannan. A faifan Looney Tunes da Warner ya fitar a 2005, da wani faifan Tom and Jerry, 'yar wasa Whoopi Goldberg ce ke fitowa da kanta ta yi bayani kafin katun ya fara, har da maganar baƙar matar nan ta Tom and Jerry da ba a cika ganin komai nata ba sai ƙafafu da silifa. A 2020 manhajar HBO Max ta sauke fim ɗin Gone with the Wind na ɗan lokaci, ta dawo da shi tare da gabatarwar malamar tarihin fim Jacqueline Stewart. Mutum mai fuska da murya yana bayani na 'yan mintoci ya fi allo mai rubutu nesa ba kusa ba, kuma Disney ba ta rasa kuɗin yin haka ba.

A ɓangaren kulle-kulle manhajar ta yi ƙoƙari, in an san yadda ake saita ta. Asusu ɗaya yana ɗaukar furofayil, wato shafin kowane mai kallo, har bakwai. A buɗe wa yaro nasa, a shiga wajen gyara furofayil, a kunna Junior Mode, wato ɓangaren ƙananan yara. Tun farkon 2021 aka cire Dumbo, Peter Pan, The Aristocats da Swiss Family Robinson daga ɓangaren ƙananan yara. Bayan an kunna, a rubuta sunan fim ɗin a wajen bincike daga furofayil ɗin yaron don a tabbatar, saboda jerin fina-finai yana bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A kunna Kid-Proof Exit, wanda ke hana yaro fita sai ya warware wata 'yar tambaya. Kuskuren da aka fi yi biyu ne. Na ɗaya, sa lambar sirri mai lamba huɗu a furofayil ɗin yaro, alhali na manya ya kamata a kulle, don can yaron zai tsallaka. Na biyu, dogaro da matakin shekaru kaɗai. Waɗannan tsofaffin katun a Amurka suna da alamar G, wato kowa na iya kalla, don haka tacewar shekaru ba ta tare su. An gina ta ne a kan tashin hankali da batsa da ashar, ba a kan raini ba.

Yaron da ya kai shekara takwas ko tara, gara a kalla tare da shi da a hana shi. A tsayar da fim a wajen hankaki, a tambaye shi wa yake gani ake kwaikwayo, a gaya masa cewa lokacin da aka zana wannan, baƙar fata a jihohin kudancin ƙasar Amurka ba ya zama kujera ɗaya da Bature a motar haya.

Disney+ ta shigo Afirka ta Kudu a Mayu 2022, sannan Masar, Maroko, Aljeriya, Tunisiya, Libiya da Saudiyya a Yuni na shekarar. Mafi yawan yaranmu kuwa ba ta nan suke ganin waɗannan katun ba, sai ta YouTube, ko tashoshin tauraron ɗan'adam, ko abin da aka tura musu a waya da memori. Ta waɗannan hanyoyi gargaɗin ba ya biyo fim ɗin ko kaɗan, don a manhajar yake manne, ba a jikin fim ba. Mai irin wannan kwafi sai ya riƙe sunayen da wuraren da aka ambata a sama, ya duba da kansa kafin ya miƙa wa yaro wayar.