Kuɓewa ko alayyahu: wanne zai yi a bayan gida a Ingila?

Hajiya, kin ce kin sami ɗan fili a bayan gidanku a Bamingam, ga irin kuɓewa da na alayyahu a hannunki, wurin kuma ba zai ɗauki duka biyun ba. In za ki ji ta tawa, alayyahu za ki ba filin.

Dukansu 'yan zafi ne. Raɓar nan mai daskarewa dare ɗaya take gamawa da su, kuma a tsakiyar Ingila ba a sakin jiki da ita sai ƙarshen Mayu. Shi ya sa kowanne a cikin ɗaki ake fara shi a Afrilu, a ƙananan tukwane gindin taga. Daga nan kuma hali ya bambanta.

Kuɓewa akwai tsirfa. Irinta sai an jiƙa shi ya kwana, kuma yana son ɗumin da ya kai digiri 21 kafin ya tsiro da kyau. To a Bamingam, watan Yuli da ake kira tsakiyar zafi, rana takan tsaya wajen digiri 21 zuwa 22, dare kuwa ya sauko kusan 12. Sanyin daren ne ke karya ta. Na gwada shekara biyu a fili, ta kai gwiwa ta tsaya, ta yi fure ya kaɗe. Sai da na sa ta a ɗakin gilashi ta ɗan yi 'ya'ya, su ma ba su kai miya tukunya biyu ba. Ga ta kuwa jibge a shagunan 'yan Pakistan na unguwar Alum Rock, nan cikin Bamingam.

Alayyahu ba ya wannan jan rai. 'Yan Jamaika sun daɗe suna noma shi a filayen haya na ƙaramar hukuma, su kalalu suke ce masa. Ki dasa shi waje farkon Yuni, ki bar kamar santimita 30 tsakani. Bayan mako shida kin fara yanka, in kina tsinke kansa yana ta sabon toho har sanyin Oktoba ya kwantar da shi.

Matsalarsa ɗaya ce, dodon koɗi, musamman marar gidan nan mai yauƙi. Ƙasar damshi ce, dare ɗaya bayan ruwa sai ki tarar sun share miki layi guda, saura kara. Maganin metaldehyde da aka saba barbaɗawa an hana shi tun Afrilun 2022 saboda yana cutar da tsuntsaye da dabbobi irin su bushiya, yanzu mai ferric phosphate ake sayarwa. Ni dai tocila nake ɗauka bayan isha'i in tsince su cikin bokiti, maƙwabciyata ta sha leƙowa ta taga tana mamaki. Kada ki dasa sai shukar ta kai tsawon tafin hannu, ta fi jure cizo. In kuma maƙwabta sun yarda, ki huda ƙasan shinge faɗin santimita 13 don bushiya ta riƙa shigowa, tana rage ƙwari. Ruwa za ki ajiye mata, madara na ɓata mata ciki.

In ranki ya nace wa kuɓewar, ki sa biyu a manyan tukwane jikin bangon da ke fuskantar kudu, ki riƙa rufe su da leda da dare.