Na gwada bodi fila a kan tsohuwar Golf ɗina, ga yadda ta kaya

Motata Golf 3 ce ƙirar 1996, irin waɗanda suka cika tashoshinmu a nan arewa, kuma wallahi ina sonta don ita ke kai yara makaranta ita ke kai ni kasuwa, inji lafiya lau, jikin ne kawai ya sha wuya. Kwanakin baya wani mai adaidaita sahu ya goge ni a cunkoso ya lotsa ƙofar baya wajen faɗin tafin hannu biyu, ga kuma wani tsohon lotsi a fenda da na saye ta da shi, fentin wajen ya fashe tsatsa ta fara ci. Na kai wa mai gyaran bodi ya duba, kuɗin da ya faɗa ba zalunci ba ne, sana'arsa ce kuma kayan fenti sun yi tsada, amma a lokacin ba ni da su ga kuɗin makaranta a gaba. Shi ne na ce bari in gwada da hannuna.

Kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano na shiga na sayo gwangwanin fila kilo ɗaya, wato kwaɓin da ake cike lotsin jikin mota da shi, wanda ke zuwa da ɗan tub na hadina ja, maganin da ke sa filar ta daskare, da samfefa lamba 80 da 180 da 320 da 600, da firaima, wato fentin shimfiɗa da ake fara fesawa, gwangwani ɗaya, da fentin fesawa guda biyu, da salatif na takarda. Duka kuɗin bai kai rabin abin da aka nema a wajena ba. Dattijon da ya sayar min ya ƙare min kallo ya ce, ɗana kai za ka yi da kanka? Na ce eh Baba. Ya ce to fila ba ƙarfe ba ce, ka fara fito da ƙarfen tukuna. Wannan maganar tasa ita ce rabin aikin.

Don haka ranar farko ban ma buɗe gwangwanin ba. Na cire murfin cikin ƙofar na zura hannu ta baya, na sa guntun katako ina bugawa da ƙaramar guduma a hankali daga bakin lotsin ina zagayowa zuwa tsakiya har ya taso, ramin da ya rage bai fi kaurin kwali ba. Sannan na kankare fenti da lamba 80 sai da farin ƙarfe ya fito yana ƙyalli, har na wuce bakin lotsin da kamar yatsa uku. Fila ƙarfe mai kaushi take kamawa, in ka shafa ta a kan tsatsa to ka rufe ciwo ne da ruɓa a ciki, tsatsar za ta ci gaba da cin ƙarfen ta ƙasa wata rana ka ga wajen ya kumbura ya ɓare.

Ita filar kanta gaskiya ta burge ni. Toka-toka ce mai kauri kamar tuwon da bai gama daskarewa ba, tana da wari mai hawa kai sosai shi yasa a fili ake yinta ba a cikin gareji a rufe ba. Hadina kaɗan ake sawa, kashi 2 cikin 100 ne, wato in ka ɗebo fila kamar girman ƙwan kaza to ɗan ɗigon hadina kamar ƙwayar wake ya isa, ka cakuɗa har kalar ta zama ɗaya babu jan zare a ciki. Kwaɓin farko na yi asararsa, da azahar na yi rana tana tsaka kuma na cika hadina, kafin in kai shafa ta biyu ya daskare a kan robar da nake aikin da ita ya zama dutse. Abin ya min ciwo don kuɗi ne. Ashe zafi yana ƙara mata saurin kamawa, minti huɗu zuwa biyar da ake samu a inuwa sai ya koma biyu a ranar Kano. Washegari bayan asuba na dawo, ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida, ina kwaɓa kaɗan kaɗan a kan guntun tayil, don kwali yana tsotse ruwan jikinta, sai aiki ya tafi daidai. Shafa siririya, a danna sosai don kar iska ta maƙale, a jira kamar minti ashirin zuwa talatin, a goge, a sake wata siririyar. Sau uku na yi. Kar mutum ya ce zai cika rami mai zurfi da ita a tashi ɗaya, in kaurinta ya wuce milimita biyar ko shida tsagewa take yi, balle a hanyoyinmu masu gargada.

Gugar ce wahalar, kuma a nan ne aiki ke kyau ko ya lalace. Na naɗe samfefar a jikin katako mai shafaffen ciki, don in da yatsu ka goge sawun yatsun zai fito bayan fenti kamar kunya a gona. Ido ba ya ganin tudu da kwari a wajen, tafin hannu ne ke ji, sai in rufe ido in shafa daga fentin asali in bi ta kan filar in sauka ɗaya gefen, duk inda hannuna ya ji gaɓa in koma. Kuma a bushe ake gugar fila, tana shan ruwa, lamba 600 da ruwa sai bayan firaima ta bushe. Ƙurar kuwa fara ce fat mai laushi, tana shiga hanci da ido, takunkumi dole ne, yara ma na kore su cikin gida.

Inda ban ji daɗi ba shi ne fentin gwangwani. Firaimar ta kwanta lafiya, amma kalar ba ta hau da ta motar ba duk da na ɗauki murfin tankin mai na je da shi aka gwada. Jar mota da ta shekara kusan talatin rana tana dukanta ta koɗe, sabon fenti kuma ya fito jawur, daga nesa ba ka lura amma in ka matso da hantsi za ka ga facin. Na riƙe gwangwanin kamar taƙi ɗaya daga jikin motar ina wucewa da sauri shafa uku siririya, duk da haka wani waje ya ɗan zubo da hawaye sai da na bari ya kwana biyu na goge na maimaita. Wanda zai yi kuma ya guji lokacin hunturu, ƙurar nan tana sauka a kan ɗanyen fenti ta mayar da shi kamar samfefa. Daga baya aka nuna min cewa Golf tana da lambar kalarta a wata takarda da aka manna a cikin but kusa da safaya taya, da ita ya kamata in je wajen masu haɗa fenti su haɗa min, kuma haka zan yi wa fendar.

Yanzu wata huɗu kenan, damina ta wuce a kanta, ƙofar ba ta tsage ba ba ta kumbura ba, in ka shafa sumul. Amanar da ke kaina kuma ita ce duk ranar da zan sayar da motar zan faɗa wa mai saye akwai fila a ƙofar baya, ko ban faɗa ba ma in ya ɗora maganaɗisu a wajen ba zai kama sosai ba. Ƙasan ƙofar gaba kuwa inda tsatsa ta huda har yatsa na shiga ban taɓa shi ba, wannan sai an yanke an yi walda da sabon ƙarfe, na riga na yi magana da mai gyaran bodin nan ranar Asabar zan kai masa, da sauran rabin gwangwanin filar a but.