Ofishin kodinetan aji a jami'o'inmu: gwani wajen rajista, mai nawa wajen gargaɗi

Kusan kowane sashe a jami'o'in Najeriya yana naɗa malami ɗaya ya riƙe aji guda. Shi ne kodineta. Shi ke sa hannu a fom ɗin rajistar kwasa-kwasai, shi ke riƙe fayil ɗin ɗalibi, kuma sau da yawa ta hannunsa sakamako ke bi kafin ya isa kwamitin sashe, ya wuce na tsangaya, ya kai majalisar jami'a wadda ita ce mai tabbatarwa. Hidimar kyauta ce, duk wanda ya nemi ɗalibi ya ba da wani abu kafin a sa masa hannu ya saɓa ƙa'ida. A ganinmu ofishin yana aikin takarda yadda ya kamata, amma aikin da ya fi muhimmanci, wato sanar da ɗalibi cewa ya doshi kora tun da sauran lokaci, nan ne yake da rauni.

Ma'aunin da yake aiki da shi sananne ne. Maki 70 zuwa sama A ce mai daraja 5, 60 zuwa 69 B mai 4, 50 zuwa 59 C mai 3, 45 zuwa 49 D mai 2, 40 zuwa 44 E mai 1, ƙasa da 40 kuwa F ce, sifiri. Ana ninka darajar da yunit ɗin kwas, wato nauyin da aka ba kowane kwas, a tara, a raba da jimillar yunit ɗin da aka yi wa rajista tun shigowa. Abin da ya fito shi ne CGPA. Wanda nasa ya faɗi ƙasa da iyaka a ƙarshen shekarar karatu sai a sa shi zaman gwaji, idan shekara ta sake zagayowa bai farfaɗo ba a sallame shi daga fannin da yake karantawa ko daga jami'ar baki ɗaya. Iyakar da aka daɗe da sani 1.00 ce, amma jami'o'i da dama sun ɗaga ta zuwa 1.50 tun da hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ta nemi a daina ba da digiri mai matakin fas, wato mataki mafi ƙasa. Don haka tambaya ta farko da ya kamata ɗalibi ya yi wa kodineta ita ce wacce iyaka ta shafi 'yan shekararsa, kuma ya nemi a nuna masa a littafin ƙa'idojin ɗalibai. Ɗaliban likitanci nasu tsarin daban ne, 50 ce makin ci, kuma da jarrabawar gyara da maimaita aji ake tafiya.

Inda ofishin ya yi zarra shi ne rajista. Kodineta mai lura ba zai bari a wuce yunit 24 a zango ɗaya ba, ba kuma zai bari a gaza 15 ba sai da dalili. Zai tilasta a fara sa kariyoba, wato kwasa-kwasan da aka faɗi a baya, kafin sababbin kwasa-kwasai, zai kuma hana ɗaukar kwas ɗin da ba a ci na share fagensa ba. Ɗalibai kan ji haushin wannan, alhali gata ake yi musu. Kurakurai biyu da yake tarewa suna da tsada: kwas ɗin da aka rubuta jarrabawarsa ba rajista, ba shi da sakamako, wanda kuma aka yi wa rajista ba a zauna jarrabawarsa ba, F ce za ta hau. Na biyun ya fi yawa, domin ɗalibi kan daina shiga aji ya ɗauka ya ajiye kwas, bai cike fom ɗin ƙari da ragi cikin wa'adinsa ba.

Matsalar tana wajen lokaci, kuma lissafi kaɗan zai nuna girmanta. A ce ɗan aji ɗaya ya ɗauki yunit 20 a zangon farko, ya samu C a yunit 6, E a yunit 6, F a yunit 8. Idan aka ninka daraja da yunit aka tara, makinsa 24, a raba da 20, ya tashi da 1.20. Idan a zango na biyu ya ɗauki yunit 20 ya ci C a duka, jimilla ta zama 84 a kan 40, wato 2.10, ya tsira sarai. To ɗauki wani mai 1.20 ɗin nan amma ya riga ya tara yunit 120. Ya yi wannan ƙoƙarin daidai, C a yunit 20, abin da zai samu 204 a kan 140 ne, wato 1.46. Bai kai 1.50 ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma a sassa da yawa sakamakon zangon farko ba ya fitowa sai an yi nisa a na biyu, kodineta kuma ba ya kiran kowa sai sunan ya bayyana a jerin 'yan gwaji. Laifin ba nasa ba ne shi kaɗai. Malami ne mai azuzuwan koyarwa da tarin takardun jarrabawa da zai duba, ga ɗaliban kammalawa da yake duba wa bincike, sannan a damƙa masa aji mai ɗaruruwan mutane.

Akwai abin da ba kasafai ake bayyana wa ɗalibai ba. A yawancin jami'o'i cin kariyoba ba ya goge F ta farko. Kwas mai yunit 3 da aka faɗi sannan aka ci da B yana ba da maki 12 ne a kan yunit 6, daidai da D ke nan. Shi ya sa cika fom da yunit 24 don a gama da wuri yakan ƙara nutsar da mai rauni. Kodineta nagari zai ce a rage kaya a ci da kyau, sai dai ya haɗa da lissafin wa'adi, domin digirin shekara huɗu ba a yarda ya wuce shida ba.

Wajen rashin lafiya ko rasuwa a gida, ofishin yana da amfani idan an zo kafin jarrabawa. Ana rubuta takardar neman jingine karatu ta hannun shugaban sashe zuwa shugaban tsangaya, a haɗa da shaidar asibitin jami'a, a riƙe kwafin da aka buga wa hatimin karɓa. Bayan F ta hau kuma majalisa ta amince, gyara yana da wuya ƙwarai. Haka batun sakamakon da ya ɓata: a kai ƙorafi a rubuce da lambar kwas, da katin jarrabawa, da ranar da aka sa hannu a takardar halarta. Wannan takarda ita ce hujja, shi ya sa ba a fita ɗakin jarrabawa ba a sa mata hannu ba. Halartar lacca kashi 75 cikin ɗari ma sharaɗi ne na zama jarrabawa, ko da wasu malaman ba sa tsanantawa.

Mai CGPA sama da 2.40 zai iya wadatuwa da zuwa lokacin rajista kawai. Wanda ke ƙasa da 2.00, ko yake da kariyoba fiye da biyu, kada ya jira a kira shi. Ya lissafa makinsa da kansa da zarar an liƙa sakamako, ya je a makon farko na zango da fom ɗinsa na baya duka, ya tambayi yunit nawa ya rage masa, zango nawa ya rage a wa'adinsa, da kuma ko makinsa zai ba shi damar sauya sashe kafin a kai ga sallama.