Shagon kwamfutan nan na Yelwa ya fitar da ni kunya

Jama'a duk ɗalibin da ke Bauchi yana fama da project, akwai wani ɗan shagon kwamfuta a Yelwa, ni dai na yaba. Malamina ya ce in rubuta kan efijenetiks, wato yadda ake kunna ko kashe ƙwayar gado ba tare da an taɓa rubutun DNA ɗin ba, wallahi ban san ta ina zan fara ba.

Mai shagon ya ce ƙanwata zauna, ya buɗe Google Scholar, shafin neman takardun bincike, ya nuna min ayyukan Adrian Bird na Jami'ar Edinburgh, takardarsa ta 1986 a mujallar Nature kan tsibiran CpG, wato sassan DNA da haruffan C da G suka yawaita a jere, da yadda sinadarin methyl ke mannewa a DNA ya rufe bakin ƙwayar gado, sannan a ɗakin bincikensa aka gano furotin MeCP2 a 1992, wanda Huda Zoghbi ta danganta da cutar Rett, wata cutar ƙwaƙwalwa, a 1999, a 2007 kuma Bird da abokan aikinsa suka nuna ana iya juyar da alamun cutar a jikin ɓeraye, nan fa jikina ya yi sanyi don akwai yara mata da ke fama da ita.

Har h-index, lambar da ake auna tasirin ayyukan mai bincike da ita, ya fahimtar da ni, in mutum na da 20, yana da takardu 20 da aka ambaci kowacce aƙalla sau 20. Ya ce in riƙa karanta aikin da kaina kar lamba kaɗai ta ruɗe ni.

Matsalarsu ɗaya, in an ɗauke wuta janareto sai an jira, kuma firintarsu tana cin takarda. Gobe ma zan koma.