Gawayin tacewa ko MOF: wanne ya dace da aikinka?

Tun da aka ba Kitagawa da Robson da Omar Yaghi kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai a 2025 saboda ƙirƙiro MOF (metal-organic framework, wani abu mai ƙananan ramuka da ake haɗawa daga ƙarfe da sinadarai), ɗalibai da masu kamfanin ruwan leda a nan Gombe ke ta tambayata ko lokacin ajiye gawayi ya yi.

Dukansu biyu aikinsu ɗaya: ƙananan ramuka ne da ke kama datti ko iskar gas su riƙe. Gawayin tacewa daga ɓawon kwakwa ko itace ake yinsa, a gasa shi da tururi mai tsananin zafi har ya huhhuje. Shi kuwa MOF a ɗakin gwaji ake gina shi, ana ɗaure ƙwayoyin ƙarfe da sandunan sinadari kamar saƙar raga, kuma maƙerin ne ke zaɓar girman ramin. Abin da ya fi burge ni ke nan. Faɗin cikin giram ɗaya na wasu nau'o'insa ya kai murabba'in mita 7,000, alhali gawayi mai kyau yana wajen 1,000.

A kuɗi kam gawayi ya yi masa fintinkau, ga shi a kasuwa. Yana cire warin kulorin, ba ya tsoron jiƙa. MOF da dama danshi na rusa su, amma wasu, irin masu ƙarfen zakoniyam, na jurewa.

Mai ruwan leda ko matatar mangyaɗa, gawayi ya ishe ka, ka dai riƙa canza shi a kan kari. MOF na masu son ware gas ɗaya tak ne, kamar kama iskar kabon daga hayaƙin masana'antar siminti irin ta Ashaka, da kuma masu bincike a jami'a.