Hattara da masu haɗa wa mutane tafiya Masar a WhatsApp

Jama'a don Allah duk mai shirin kai mara lafiya Alkahira ko tura yaro karatu Azhar ya tsaya ya karanta. Akwai wasu 'yan damfara da suka cika Facebook da WhatsApp suna kiran kansu ejan, wai za su yi maka biza da tikiti da masauki har da ganin likita duk a kuɗi ɗaya, ka turo rabi yanzu rabi in ka sauka. Ofis babu, sai lambar waya da hotunan asibiti da suka kwaso a intanet.

A wajen tikiti suke cin mutane. Abin da suke turo maka bukin ne kawai, an riƙe kujera ba a biya ba, ga sunanka ga lambar jirgi ga rana, kai ka ɗauka shikenan, bayan 'yan kwanaki kamfanin jirgi ya soke abinsa. Haka aka yi wa maƙwabcinmu, bawan Allah ya sayar da fili zai kai mahaifiyarsa a duba mata ƙoda, an turo tsohuwa a keken marasa lafiya har cikin filin jirgin Malam Aminu Kano, ma'aikaciya ta buga sunan a kwamfuta ta ce babu. Ya kira mutumin, waya a kashe. Wallahi in na tuna yadda aka sake ɗaga tsohuwar nan aka mayar da ita mota raina ɓaci yake.

Tikitin da aka biya yana da lambobi 13, na EgyptAir da 077 yake farawa. Kuma ko ka ga lambar kar ka sakankance, shiga shafin kamfanin da kanka ka sa lambar bukin da sunanka ka gani.

Biza kuwa ofishin jakadancin Masar yana nan Abuja, tambayi can, kar ka miƙa fasfonka ga wanda ba ka san ƙofar gidansa ba, kuma fasfon ya zama da sauran wata 6 aƙalla. Katin rigakafin shawara ma je a yi maka allurar ka karɓi na gaske, don har shi suna bugawa.

Kuɗin asibiti kar ya shiga akawun ɗin wani mutum. Ɗalibanmu suna nan da yawa a unguwar Madinatu Nasr da ke Alkahira, nemi wanda danginka suka sani ya taka ya ga asibitin da idonsa kafin ka tura ko sisi.